Ba Ƙahon Gaju Ba Ne

Mbarara, 4 ga Maris

Ƙanena Akankwasa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Kiconco da 'yarmu Ninsiima. Yaya ruwa a Kabale? Tunda ka daina ɗaukar wayata, ga takarda.

Mutane da yawa in sun ga fari a ƙwayar idon yaro a hoto, sai su ce laifin waya ne. Haka muka ce da hoton baftismar Ninsiima. Amma ka ji abin da likita ya faɗa: ciwon daji ne a idonta na hagu, kuma in ba a cire idon ba, zai bi jijiya ya kai ƙwaƙwalwa. Ka suri 'yarka ka fita kana ce mini, "Malama, je ki koya wa 'yan ajinki, ba mai mayar da 'yata mai ido ɗaya irina."

To, malamar za ta koyar. Ba jifa ba ne, ba kuma nonon Kiconco ba ne. Ƙwayoyin jikinmu kullum hayayyafa suke yi, kuma akwai wata ƙwayar gado da ba ta da aiki sai ce musu "ya isa." Kowa biyu gare shi, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kamar birkin gaba da na baya a kekenka. Ka san gangaren kasuwa idan ka ɗauro ayaba: birki ɗaya kan kai ka gida. In shi ma ya tsinke fa? Ninsiima da birki ɗaya aka haife ta, na biyun ya tsinke a cikin ƙwaya guda a idonta. Ita ce take ta ƙaruwa babu mai tsai da ita.

Ka dawo da ita, don Allah.

Yayarka,
Tumuhairwe

Mbarara, 11 ga Maris

Ƙanena,

Ina gaishe ku, yaya jikin yarinya? Shiru dai har yau.

Mama ta zo jiya. Na nuna mata hoton, sai ta zauna a ƙasa tana kuka. Akankwasa, ba saniyarmu Gaju ce ta tsone maka ido ba. Kana da shekara biyu Mama ta ga irin wannan farin, ta goya ka zuwa asibitin mishan, aka cire idon. Ta ji tsoron a ce jinin gidanmu ba shi da kyau, a ƙi auren mu, sai ta ɗora wa Gaju laifin. Baba ya sayar da saniyar don maganar ta zauna. Ni kaina shekara talatin ina ba da labarin nan, kai kuma kana jifan duk mai dogon ƙaho.

Na san abin da zai fara zo maka a rai: cewa daga wajenka ta gada. Haka ne, amma ba ka zaɓa ba, kamar yadda ba ka zaɓi manyan kunnuwan Baba ba. Abin da nake so ka duba shi ne, idon da kake kuka da rashinsa, cire shi ne ya sa ka girma, ka yi aure, ka haifi Ninsiima. Kana gudun ta zama irinka. Ni kuwa roƙona ke nan, ta zama irinka, mai rai.

Yayarka mai jiranka,
Tumuhairwe

Mbarara, 2 ga Afrilu

Ƙanena,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Ka isa gida lafiya? Yaya dankalin da ka bari a gona?

Likita ya duba idon da aka cire, ya ce ciwon bai kai jijiya ba. An ga wani ɗan ɗigon ciwon a idon dama, an ƙona shi da haske, za a riƙa dubawa. Ninsiima tana cin ayaba har tana ƙwace ta uwarta. Ba zan manta da kai a bakin ɗakin tiyata ba, kana ce wa Mama, "Tsohuwa, kin ci amanar saniya," kuna dariya da hawaye.

Jaririn da Kiconco ke ɗauke da cikinsa, a duba idonsa tun makon haihuwa, ko da ba a ga komai ba. Kai kuma ga aikin gida daga malama. Ranar Lahadi ka tara yaran cocinku a ɗaki mai ɗan duhu, ka kunna hasken kyamara, ka ɗauke su hoto ɗaya ɗaya. Jan ido ba komai. In ka ga fari, ka nuna wa iyayen idonka, ka faɗa musu gaskiyar labarinsa.

In ka wuce garke kuma, ka ajiye dutsen.

Yayarka,
Tumuhairwe