Kwaɗon Ofishinku a Ƙofar Shagona, Ga Salla Ta Matso

Zuwa ga Shugaban Ofishin Haraji na garinmu, Damagaram.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan ana shan ruwa lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, har da wannan dogon mai babur da ya ziyarce ni ranar Litinin da kwaɗo a aljihu.

Sunana Harisu Tela, shagona yana Zango, kusa da masu niƙa. Na tsufa a kan keken ɗinki, kuma abu ɗaya nake taƙama da shi a garin nan: ban taɓa sa wani ya je Idi da tsohuwar riga ba. Kowa ya san halinmu teloli da alkawari, to ni ne na fita zakka. Wannan sunan ne yanzu yake kulle a bayan ƙofa tare da kayan mutane. Na zo biro ɗinka, wato ofishinka, sau biyu aka ce kana taro, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Ban ƙi biyan patanti ba, wallahi. Harajin sana'a ne, ina sana'a, kuma duk shekara ina biya. Abin da ya faru shi ne ranarku ta ƙarshen biya a tsaye take cak a kalandar Nasara, azumi kuwa tafiya yake yi. A da ranar tana faɗowa kafin azumi, ina biya hankali kwance. Sannu a hankali azumi ya yi ta matsowa, bana sai ga ta tsulum a goman ƙarshe. Ranka ya daɗe, tela a goman ƙarshe ko sunan 'ya'yansa sai an tuna masa. Ashe duk faɗin ofishin nan ba wanda ya ɗora kalandar nan biyu wuri ɗaya ya duba?

Na biyu, kuma nan ne abin dariyar, in da ba a kaina yake ba. Mutanenmu ba sa biyan tela sai sun ga riga a hannu, sun juya ta, sun ja zare da haƙori. Kafin alƙalamin da suke bayarwa a zare da maɓalli yake ƙarewa. Kuɗin tela ranar jajibere yake shigowa. Wato kun ce ba za a buɗe shago ba sai na biya, ni kuma ba ni da abin biya sai na ba da kaya, kayan kuma suna cikin shago, da keken, da almakashi. Na yi wa ma'aikacinka wannan bayani tiryan-tiryan. Ya saurare ni da ladabi, har ya tausaya mini, sannan ya danna kwaɗo.

Na uku. Ma'aikacin naka ya ce an yi sanarwa a rediyo. Na yarda an yi. Amma keke uku na gudu a ɗaki ɗaya, ga injin wuta a bakin ƙofa, ko kiran salla sai maƙwabci ya leƙo ya gaya mana. Ɗan ƙanwata da ke aiki a Kanada ya ce a can ma akwai ranar ƙarshe, ƙarshen Afrilu, kuma wanda ya makara ana ƙara masa tara. Na ce to madalla, ashe ba mu kaɗai ba ne. Sai na tambaye shi ko ana kulle wa mutum kayan aikin da zai nemo kuɗin da su. Dariya ya yi ta yi har kuɗin wayarsa ya ƙare, ban samu amsa ba.

Na huɗu shi ne wanda yake hana ni sakewa. Akwai wata baiwar Allah, Iya Hajo, daga Dakusa. Gyaɗar da ta ɓoye tun kaka ta sayar ta yanko wa jikokinta mata atamfa, ta kawo tun kafin a ga watan azumi don kada a yi mata irin ta teloli. Na dafa ƙirji na ce ta kwantar da hankalinta. Ranar Alhamis ta biyo motar kasuwa ta zo karɓa, ta iske ni zaune a kan benci a gaban shagona kamar mai gadi. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta dubi kwaɗon, ta dube ni, ta yi mini sannu, ta tafi neman motar komawa. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Saboda haka ga roƙona. A cire kwaɗon nan kafin a ga wata, in kawo kuɗinku da ƙafata washegarin Salla, har da tarar, ba zan yi gardama ba. Kuma duk shekarar da ranarku ta faɗo cikin azumi, a ɗaga wa masu sana'ar hannu zuwa bayan Salla, lokacin da aljihunsu ke da nauyi. Ku ma za ku fi samu.

Saura magana ɗaya, ranka ya daɗe. Cikin kayan da ke kulle akwai farar shadda, babbar riga, aikin wuya kawai ya rage mata. Direbanka ne ya kawo ta, ya ce maigida da ita zai hau Idi. Ni kuwa ƙa'idata tun ina saurayi ba ta canza ba: wanda ya fara kawowa shi ake fara gama wa. Kayan jikokin Iya Hajo ne a gaba, taka ce ta ƙarshe a layi. In an buɗe yau, kowa zai samu. In an kai jibi, su dai za su samu.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya karɓi ibadarmu, ya nuna mana Salla lafiya, kowa cikin sabuwar rigarsa.

Wassalam, daga kan benci.

Harisu Tela, Zango, Damagaram.