Ku Mayar da Baba Ilu Gindin Darbejiyarsa

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Masu Faci ta tasharmu, Hadejia.

Assalamu alaikum. Ina gaida Shugaba da iyali da dukkan abokan sana'a. Ni ne Malam Sani, tsohon malamin gona, mai baƙin babur ɗin nan na dogon zango. Tun da na yi ritaya nake yawo a kansa, in ratsa fadama har Birniwa, wani lokaci da mai ɗakina Hajara a baya. Na ji kun tashi Baba Ilu daga gindin darbejiyar da yake faci, wai yana ɓata wa mutane lokaci, yana jawo wa 'yan ƙungiya baƙin jini. Raina ya ɓaci ƙwarai, shi ya sa na rubuto.

Na ɗaya. Gaskiya ne yana ɓata lokaci. Ranar da na fara zuwa wurinsa bayan azahar ne, na taso daga Jahun, na tsaya a duba mini iska. Ya ɗora tafin hannu a kan taya, ya ji zafi, ya sa gejin awon iska ya nuna mini inda allura ta tsaya, sannan ya ce in zauna a benci sai ta huce. Na yi ta cika ina batsewa, har na tambaye shi ko shayi zai dafa mini. Da tayar ta yi sanyi ya sake aunawa, sai ga allura ta sauka, alhali ba wanda ya taɓa bawul. Shugaba, shekara talatin ina hawan babur ban san iska tana kumbura da zafi ba! Na yi tsaye ina kallon tayar kamar yau na fara ganinta. Abin da ido ba ya gani shi ke ɗauke da ni da kayana, kuma awonsa na safe daban da na rana. Tsarki ya tabbata ga Allah.

Na biyu. Sauranku fa? A ƙwanƙwasa taya da sifana, a danna da babban yatsa, a ce ta yi. Kun saba da masu lodin buhunan shinkafa da tattasai, kowa ya zo sai ku ɗura masa iska har ta zama dutse. Haka ɗayanku ya yi mini a daminar bara, lokacin Baba Ilu yana jinya. Muna kan jinga, ruwa dama da hagu, agwagin ruwa sun taso sun rufe sama har Hajara tana salati saboda yawansu, sai tayar gaba ta zame a laka. Muka faɗi, gwiwar Hajara ce ta bugu. Har yau a zaune take sallah.

Na uku. Da ya warke, shi ya nuna mini 'yar takardar da ke manne a jikin babur, inda aka rubuta awon gaba da na baya, daban in kai kaɗai ne, daban in da goyo. Na sha goge ta da tsumma ban taɓa karantawa ba, ni da na yi boko. Ya koya mini in auna da safe kafin in motsa, kada in rage iska don na ga ta hau da rana, in sassauta kaɗan a rairayi, in mayar da zarar na hau kwalta.

Roƙona biyu ne. Ku mayar masa da wurinsa. Kuma kowane ɗan ƙungiya ya riƙe geji, ya je ya zauna a bencin nan ya koya.

Jiya na je gidansa, na same shi a zaure hannu sake, gejinsa naɗe a aljihun riga. Na zaci zai yi mini ƙorafi. Tambayata kawai ya yi ko na auna yau da safe.

Allah ya ba Shugaba ikon yin adalci, ya sa albarka a sana'arku, ya tsare duk wanda ya hau abin da kuka gyara.

Wassalam,
Malam Sani.