Hutun da Ya Tashi Majalisar Kaka

Zuwa ga Kawu Kashim, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufin asiri, ya kare ku a bakin ruwan nan da kuke. Mu nan Azare lafiya lau. Gero ya fara nuna, ƙafar Inna Dijatu ta yi sauƙi har tana zuwa kasuwa da kanta. Sai dai maganar mahaifinka, Kaka Bunu, ita ta hana ni sukuni.

Ka san zamansu na la'asar a gindin dalbejiyar ƙofar shagon Dubem, shi da Malam Bubayero. Tun da muka yi gudun hijira daga Kukawa ina ɗan mitsitsi, Bafulatanin nan ne ya fara shimfiɗa masa tabarma a garin nan. Kullum wasan Barebari da Fulani suke, wannan ya ce bawana, wancan ya ce ƙarya kake, kai ne nawa, kuma a al'ada ba mai fushi. To ranar Talata ana hirar yawan hutun gwamnati, sai shaiɗanin tsokanata ya motsa. Na gyara murya na ce ai na ji a rediyo za a ware rana guda ta hutu da sunan wani babba na tarihi, kuma dattawa za a tambaya. Wallahi ban ji komai ba, so nake kawai in ga sun kaure.

Aka kuwa kaure. Mai shayi ya ce Tafawa Ɓalewa, tunda ɗan jiharmu ne. Wani ya ce Sardauna. Dubem ya ce a ba kowa ma, in dai ba za a rufe kasuwa ba. Ni na ce Sayyidina Umar, domin malaminmu na allo ya ce albarkacinsa muke hutun Alhamis, ka ga shi an riga an ga aikinsa. Aka yi dariya. Malam Bubayero ya ce in ba Malam Zaki da ya kafa Katagum ba wa za a ba, mutumin da ya shiga har Birnin Gazargamu. Kaka ya ce shiga ba wuya, a tambaye shi yadda ya fito da Shehu Laminu ya taso. Ni kuma ina tsakiya ina zuga, in raɗa wa wannan cewa an fa ci shi, in koma wa wancan. Malam Bubayero yana dariya har hularsa ta karkace, ya ce: "To bawana, in ranar Laminu kake so, tashi ka koma Kukawa ka yi hutunka can. Nan ƙasar Zaki ce."

Kawu, da wasa ya faɗa, na ga fuskarsa. Amma ka fi ni sanin abin da aka bari a Kukawa, da gida da gona da kabarin matarsa, Kaka Ya Gana. Kaka ya lalubi takalminsa, ya ce bari ya je ya yi alwala, alhali ko rana ba ta yi ja ba. Na bi shi ina cewa maganar rediyon ƙarya ce, ni na ƙirƙira. Ya ce ya sani tun farko, wai yaushe na taɓa sauraron labarai.

Tun ranar bai koma gindin bishiyar ba. Ba gaba yake yi ba, da ma ita ce da an san yadda za a sasanta. Suna haɗuwa a masallaci ya miƙa hannu biyu ya ce Malam Bubayero an tashi lafiya, ya iyali, kamar yana gaida baƙo. Malam Bubayero ya zo gida har da ƙwaryar nono, Kaka ya yi godiya mai kyau, ya sa na raka shi bakin titi. A hanya ya ce min: "Babagana, da ya zage ni ya fi mini wannan ladabin."

Jiya na ji Kaka yana gaya wa Inna zai kira ka, ka zo ka kai shi Maiduguri wurin dangi, wai ya daɗe a ƙasar mutane. A can ko da dangin, ba shi da abokin hira sai ɗaki, ka sani. Abin da nake roƙo, in ya kira kada ka ce masa to, kada kuma ka ce a'a. Ka ce aiki ya riƙe ka sai bayan an yanke gero. Ka ja min lokaci, ko Allah zai sa wata ranar bakinsa ya suɓuce ya tsokani mutumin nan. Ni dai nawa bakin na ɗaure shi, har mai shayi yana tambaya ko ba ni da lafiya.

Ka gaida Anti Zulaiha da Khalil da ƙaramar Surayya. Inna tana gaishe ku. Malam Bubayero ma yana gaishe ka. Na tambaye shi ko yana da saƙo, ya ce a'a, gaisuwar kawai.

Ɗanka,
Babagana