Fiffiken Gimli, ƙirjin Duchess

Laraba, 6 ga Satumba

"Ki ɗauke ta kawai, Farfesa, ba sayarwa nake ba." Orest ke nan, shugaban ƙungiyarmu ta masu kiwon ƙananan aku, ya tare ni a bakin mota bayan taro. Likita ya ce ƙurar gashin tsuntsaye ta ci masa huhu, kafin sanyi ya shigo sai ya rabu da su duka. Sauran sun samu gida. Duchess ce ya hana kowa. Wai wurina yake so ta zauna, in haɗa ta da namijin akuna, Gimli.

Na ce na gode, ba ni da gurbi. Ƙarya ce, kuma ya sani.

Lahadi, 10 ga Satumba

Duchess. Kai kamar kabeji, gashi ya rufe ido, fiffike toka-toka kamar an share murhu da shi. Irin Ingila ke nan. Su can girma suke so, in tsuntsu ya cika keji sun yafe masa dattin fiffike. A Adelaide, inda na yi digirina na uku na kuma koyi kallon tsuntsu, a irin wannan jinsin fiffike fari fat ake nema, jiki shuɗi mai zurfi, sauran duk bayani ne. Shekaru na kwashe ina tace nawa har na samu Gimli. Haɗi ɗaya da ita, toka ta dawo mini gida.

Mu a Winnipeg ba mu da ra'ayin kanmu. Ƙa'idar Ingila muke bi, alƙali ma daga can muke ɗaukowa.

Juma'a, 22 ga Satumba

Gobe gasa. Na fesa wa Gimli ruwa, na goge keji. Sauran masu kiwo suna can da hantsaki suna tsige ɗigon wuyan tsuntsayensu don ya yi daidai da hoton da ke littafi. Nawa ba ya bukata. Zai ci, in dai alƙalin yana da ido.

Asabar, 23 ga Satumba

Na huɗu. Cikin biyar.

Alƙalin, Mista Pennock, ya daɗe a gaban kejin Gimli yana juya shi da 'yar sandarsa. Bayan an tashi ya same ni a teburin kofi. "Madam, ke ce mai wannan? Ban taɓa ganin fiffike haka ba. To ina sauran tsuntsun?" Aka kwashe da dariya. Na ce sauran yana Adelaide, inda ake duba launi kafin a ɗora a sikeli. Ya ce, "Ki kai shi can, zai ci. Nan kuwa ni aka biya wa kuɗin jirgi." Ya faɗa ba da mugunta ba, abin haushin ke nan.

Duchess ce ta ci rukuninmu. Orest ba ya iya shiga zauren yanzu, matarsa Halyna ce ta kawo ta. Ta taga ta ɗaga masa kintinkirin nasarar, yana tsaye a filin ajiye motoci da takunkumi a fuska. Ya ɗaga hannu biyu kamar wanda ya ci zaɓe. Na juya na nemi sukari.

Litinin, 25 ga Satumba

Lacca kan yadda ake gadon launi. Ina zana wa ɗalibai misali a allo, sai na ga Gimli da Duchess nake haɗawa. 'Ya'yan farko toka. Jikoki, wataƙila... Na goge.

Alhamis, 28 ga Satumba

Halyna ta bugo. Wani mai kiwo daga Calgary yana son Duchess. "Solveig, kin san rumfar tsuntsayensa, zuba ta zai yi cikin taro kamar kaji. Tsohon nan nawa ya daina cin abinci. Ke da taurin kanki, shi da nasa, ni aka sa a tsakiya." Na ce ba taurin kai ba ne, maganar ƙa'ida ce. Ta ce, "Ƙa'idar wace ƙasa?" Ta kashe waya.

Ina da amsa. Ba ta jira ba ne.

Asabar, 7 ga Oktoba

Na je gidansu, don Halyna ta ce ta yi pirogi, ƙullin fulawa mai cushen dankali. Rumfar bayan gida an wanke ta tas, keji ɗaya ya rage. Na tsuguna na dube ta a hasken rana, ba fitilar zaure ba. Fiffiken dai toka ne. Amma shuɗin ƙirjinta ya fi na Gimli zurfi, nesa ba kusa ba. Wannan a nan kaɗai zan rubuta shi.

Orest ya leƙo daga ƙofar kicin, nan ne iyakarsa. "Kin ga wani abu, Farfesa?"

"Na ga datti."

"Datti mai kintinkiri!" Dariyar ta koma tari, sai da Halyna ta zaunar da shi.

Na ce zan riƙe ta ne kawai zuwa bazara, keji daban, ɗaki daban. Ya ce ƙwarai, ƙwarai. Sai ya ƙara da cewa tana son zangarniyar gero da safe, kuma ba ta shiga akwatin ƙwai mai ƙaramar ƙofa. Na ce ban tambaye shi ba. Faɗin ƙofar dai na tambaya, don sani.

Bai rako ni ba, bai ma dubi kejin ba. Halyna ta rufe ƙofa a bayana. Na ajiye Duchess a kujerar gaba, na ɗaura wa kejin bel, na ja mota a hankali.