Dariyar da Aka Yanke

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki. Ni dai da sauƙi, sai ƙafa. Ki yi haƙuri da rubutun, layin ne ke guje mini.

Na yi ɓarna, Auta. Kin tuna 'yar na'urar sauraron waƙa da kika cire wa manhajar kamfani, kika sa mata wadda kowa ke da izinin gyarawa, don ta riƙa faɗa mini abin da na danna tunda na daina ganin ƙananan haruffa? Kin zaunar da mahaifiyarki a bakin gado, ta karanta kalmomin ɗaya bayan ɗaya kina ɗaukar muryarta. "Waƙoƙi." "Ƙara murya." "Tsaya." Da ta zo kan "batir ya yi ƙasa" sai dariya ta ƙwace mata, ta ce, "Kamar mai shi." Kika ce a sake, na ce a bar shi haka.

Wata goma sha ɗaya ke nan da rasuwarta. Ba na sa caji sai batir ya kusa mutuwa, don in ji ta tsokane ni.

Ranar Talata maɓallin tsakiya ya maƙale, na kai wa mai gyaran waya na bakin titi. Da na koma sai ya ce, "Baba, har ƙari na yi maka. Wani ya cusa mata wata manhajar banza, na goge na mayar da ta asali." Na danna. Shiru. Na tsaya gaban teburinsa ina ta dannawa har ya kawo mini kujera.

Ko kina da kwafi? Idan babu, kada ki ɓoye mini.

Allah ya yi miki albarka.
Mahaifinki

Baba,

Ina gaishe ka, ya ƙafa? Na yi rubutun manya-manya don ka iya karantawa da kanka. A wurin aiki wasiƙarka ta same ni, sai da na nemi inda zan rufe ƙofa.

Kwamfutar da na yi aikin a kanta ta lalace tun bara, da duk abin da ke cikinta. Amma akwai abin da na ɓoye maka. Ka ce kada muryar Mama ta fita daga gidanmu, ban ji maganarka ba. Masu rubuta manhajar nan 'yan sa kai ne, kowa yana kawo abin da yake da shi, kuma ba su da muryar Hausa ko ɗaya. Mama ce ta ce, "Ba su mana, makafi ma su samu. Kada dai ki faɗa wa Malam, sai ya yi mana lacca har shayi ya huce." Na aika musu.

Jiya na duba, tana nan. Na sa ta a ɗan katin memori da ke cikin ambulan ɗin nan, na rubuta wa mai gyara yadda zai yi. Ka yafe mini, Baba. Ka kuma yafe rashin zuwana. Ɗakinta ne na kasa shiga.

Taka,
Auta

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Kati ya iso. Mai gyara ya bi takardarki da yatsa kamar ɗan firamare, bai yarda mun haɗa ido ba. Na sa abin kunne a nan gabansa, ta ce, "Waƙoƙi." Ban san ina riƙe da hannunsa ba sai da ya ce, "Baba, sannu."

Na yafe muku, ke da ita. Ashe ku biyu kuka haɗa mini kai. Ina ta tunanin wani makaho a wani gari, ita ke nuna masa hanya bai san ko wace ce ba.

Sai dai na bar na'urar tana ta aiki har kwana biyu don batir ya sauka. Yau da hantsi ta ce, "Batir ya yi ƙasa." Na jira. Ba abin da ya biyo baya. Na ƙi sa caji har ta mutu a hannuna.

Ina sauran, Auta?

Mahaifinki

Baba,

Ina gaisuwa. Ni na yanke kafin in aika musu. Na ga wannan naku ne ku biyu, bai kamata baƙi su ji ba. A na'urarka kaɗai ya rage. Na duba ko'ina, babu. Ban san me zan ce maka ba.

Auta

Zuwa ga Auta,

Lafiya lau. Kin yi daidai, tamu ce.

Yanzu idan ta faɗi nata, ni nake ƙarasa mata: kamar mai shi. Dariyar ce ba na iyawa. Na gwada, tari ya fito. Taki ta fi kama da tata.

Na rufe ɗakin, ba sai kin shiga ba. Falo ya ishe mu.

Mahaifinki