Mama Ta Yi Shiru, Aka Kira Ni Ɓarauniyar Fetur

Malam Muntasir, don Allah ka taimake ni da shawara. Na rasa wanda zan kai wa kukana, domin waɗanda na saba kai wa su ne suka yi mini abin.

Ni malamar firamare ce a Kontagora, ni kaɗai na rage a gida tare da mahaifiyarmu. Da fetur ya yi tsada, yayana Yohanna da ke aiki a Minna ya sayar da tsohuwar motar marigayi Babanmu, ya sayo wa Mama wata ƙarama mai turbo. Ya ce injinta ɗan mitsitsi ne amma da ƙarfin babba, mai kuwa lasa kawai take yi. Ni ke tuƙi, shi ke zuba mai duk wata. Sharaɗinsa ɗaya ne: asibiti, coci, gaisuwa a ƙauye, amma ban da ɗaukar kaya.

To Mama ce shugabar zumuntar mata a cocinmu, kuma 'yar garin Auna ce. Duk ranar kasuwa da muka je gaida dangi, ba ma dawowa mu biyu, sai matan garin sun biyo mu. Wannan da buhun dawarta, waccan da jarkar man gyaɗa, wata da busasshen kifi da jikoki. Mutum huɗu a baya, but ɗin motar ba ya rufuwa sai da igiya. Ni kuma ba na so yamma ta yi mana a hanya, ka san halin da ake ciki, sai in taka wuta. Mama ta riƙe hannuna ta ce kada Yaya ya ji, zai ce ta mai da kyautarsa motar haya. Na yi mata alkawari.

Sai mai ya riƙa ƙarewa tun wata bai raba ba. Da Yaya ya zo hutun Ista bai tambaye ni komai ba. Ya cika tanki, ya yi wata doguwar tafiya shi kaɗai, ya dawo da sauran mai da yawa. Ana cikin cin abinci, a gaban kawunnanmu, ya ce mota lafiyarta lau, ko dai ina zuƙe mai ina sayar wa 'yan bumburutu, ko ina kabu-kabu bayan an tashi makaranta. Na dubi Mama. Ta sunkuyar da kai tana cire ƙaya daga kifi, kifin da ni na ɗauko shi daga Auna.

Yaya ya karɓe makulli ya ba Sunday maƙwabcinmu ya riƙa tuƙa Mama. Mama na tsoron kada Sunday ya kai rahoto, sai ta daina ɗaukar kowa, yanzu mai yana kai wata. Yaya ya ce ga shaida nan. 'Yan uwa suna kira na Madam Gidan Mai, har a ƙofar coci. Ni da ke wanke wa Mama ƙafa in ciwonta ya tashi! In karya alkawari in kunyata uwata, ko in haɗiye sunan ɓarauniya? Kuma wai anya kaya kaɗai za su shanye mai haka? Wani lokaci har ni kaina nakan yi shakka.

'Yar Auta, Kontagora

Ƙanwata, sannu da haƙuri. Bari mu fara da motar, don ita ce mai sauƙi.

Daina shakkar kanki. Turbo wata 'yar fanka ce da hayaƙin injin ke juyawa, tana tura ƙarin iska cikin injin. Ƙarin iska kuwa sai da ƙarin mai. Idan mota ba nauyi, ƙafar direba ba nauyi, ƙaramin injin yakan sha kaɗan kamar yadda aka yi talla. Idan aka loda mutum shida da buhuna, ga ramuka, ga sauri, turbo ba ya hutawa, sai injin ya sha kamar babba, wani lokaci ma ya zarce. Gwajin yayanki gaskiya ne, amma wata tafiya ya auna, ba taki ba. Shaidar Sunday ma haka take.

Yohanna ya yi kuskure babba da ya yanke hukunci a bainar jama'a bai tambaye ki a keɓe ba. Sai dai ki tuna rabin labari aka ba shi, kuma ke ma kina cikin waɗanda suka ɓoye sauran rabin. Sharaɗinsa ba rowa ba ce: irin wannan lodi yana gajiyar da ƙaramin injin da wuri. Mama kuwa, ina jin kunya ce ta ɗaure mata baki a ranar, ba rashin ƙauna ba. Amma alherin da ta yi wa matan Auna, ke ce kike biyansa da mutuncinki, kuma wannan ba daidai ba ne.

Kin yi alkawarin rufa mata asiri, ba ki yi alkawarin zama ɓarauniya ba. Kada ki fara da Yaya. Ki zauna da Mama ku biyu, ki gaya mata sunan da ake kiranki da shi a ƙofar coci, mai yiwuwa bai kai kunnenta ba. Ki roƙe ta ta kira ɗanta da bakinta. Ki kuma sanar da ita cikin ladabi cewa idan ya sake zuwa gida ba ta faɗa ba, ke za ki faɗa, a gabanta. Wannan ba cin amana ba ne, tunda ba a bayan idonta kika yi ba.

In Yohanna ya ƙi yarda, ranar kasuwa ya zauna a kujerar direba, a loda masa yadda ake loda miki, allurar mai za ta yi masa bayani. Kada ki yi ta neman makulli. Abin da za ki nema shi ne ya wanke ki a gaban kawunnan da ya ɓata ki a gabansu.

Allah ya ba Mama ƙarfin halin buɗe baki, ya mayar miki da sunanki.