Mijina gwanin harbin takarda ne, an ba shi farautar aladun daji

Baji Ruksana, don girman Allah ki taimake ni kafin Juma'a, domin bayan ta ban san ko shawara za ta yi amfani ba.

Muna zaune a wani ƙauye kusa da Cakwal. Mijina, bari in kira shi Raja Sahib kamar yadda kowa ke kiransa, shekara talatin da ɗaya ya yi yana akawu, bara ya yi ritaya. Ɗanmu na Dubai ya aiko da firinta saboda karatun autarmu. Ita ko shafi goma ba ta buga ba. Mijin nawa kuwa sai ya gano a waya ana sauke takardun koyon harbi, masu da'ira cikin da'ira da baƙin ɗigo a tsakiya. Ya sauko da bindigar mahaifinsa daga kan sif, ya sabunta lasisi, tun daga ranar firintar nan ba ta huta ba.

Kullum bayan karin kumallo sai ya liƙa takarda a kwali a bayan gida, mu ji harbi biyar, can ya dawo da ramuka biyar cif a tsakiya. Ya rubuta kwanan wata, ya sa hannu, ya manna a bangon ɗakin baƙi. Duk wanda ya zo shan shayi sai ya sha da lacca. Ni dai na lura tankin ruwanmu ya fara yoyo ta wuri biyu, bishiyar gwaibarmu duk tabo, amma na ce ina ruwana.

Makon jiya na nemi tsinken ƙarfen da nake gasa nama na rasa. Na zagaya baya, sai ga Raja Sahib a tsugune, tabarau a kan hanci, yana huda takardar da tsinkena a hankali kamar mai huda kunnen jaririya. Bai gan ni ba. Na koma kicin na yi dariya har hawaye.

Yanzu dariya ta ƙare. Aladun daji sun tone rabin gyaɗar ƙauyen. Dattawa suka zauna, mai unguwa ya ce me za a je nema a waje alhali ga Raja Sahib, bangonsa ma shaida ne. Ranar Juma'a da hantsi zai tsaya a bakin kwazazzabo, mutum bakwai da karnuka su koro masa aladun. Cikin bakwai ɗin har da ƙanena Gulzar, mai 'ya'ya huɗu. Wato Gulzar zai kasance a gaban bakin bindigar nan.

Kwana uku ke nan Raja Sahib ko gurasa ɗaya ba ya iya cinyewa. Na tambaye shi, ya ce mace me ta sani game da bindiga. Baji, bai taɓa zagina ba, mutumin kirki ne, zaman banza ne ya yi masa yawa. In na tona, ba zai ƙara ɗaga kai a masallaci ba. In na yi shiru fa?

Matar gwani, daga Cakwal

'Yar'uwa, na yi dariya kamar yadda kika yi, na kuma daina a inda kika daina.

Mu fara yi wa mijinki adalci. Mutumin da ya shekara talatin da ɗaya ana layi a gaban teburinsa, rana ɗaya ya wayi gari ba mai neman sa hannunsa, dole ya nemi abin da za a yaba masa. Takardar ma ba ta da laifi. Masu koyon harbi na gaskiya da ita suke aiki, don tana nuna wa mutum kuskurensa ya gyara. Naki sai ya gyara takardar. Amma alade ba ya tsayawa a liƙa shi a kwali, kuma harsashin da ya kuskure alade ba ya ɓacewa a iska, wani wuri yake sauka.

Yau ɗin nan, ku biyu kawai, ki faɗa masa abin da kika gani. Ban da dariya, ban da gori. Wanda ya kasa cin gurasa ya riga ya san gaskiya, ƙofar fita yake nema, sai ki buɗe masa. Ya ce wa mai unguwa idonsa ya raunana, wanda ba ƙarya ba ne. A ɗauko maharban da suka san aikin, shi ya riƙe neman izini da tsara wa zai tsaya ina. Nan ne gwanintarsa take.

In har yana son harbin, ya bar bayan gida. Ya je filin koyo a birni, inda akwai malami da tudun ƙasa a bayan takarda, kuma wani ne ke ciro ta.

In ya ƙi, ranar Alhamis ki sami Gulzar da mai unguwa ki faɗa musu, kada ki ji nauyi. Zai yi fushi, zai huce. Gara kunyar kwana uku da takabar wata huɗu da kwana goma, ko taki ko ta matar ƙanenki.

Allah ya tsare muku gyaɗa da mazan gida baki ɗaya.

Baji Ruksana